Yadda Ake Aiki da Kalmar *Raise* ta Ingilishi: Jagora ga Mai Jin Hausa

Mu mutanen Maraɗi da Faransanci muka yi karatun lakwal, Ingilishi kuwa sai mun shiga ajin farko na kwaleji muke haɗuwa da shi, ƴan sa'o'i kaɗan a mako. Amma fataucinmu kudu yake fuskanta. Wanda ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano ya san cewa da Hausa ake ciniki a baki, sai dai takardar kaya da saƙon banki da labarin darajar naira duk da Ingilishi suke zuwa. Ga shi kuma tun shekarar 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Na daɗe ina koyar da darasin dare ga ɗalibai da ƴan kasuwa, kuma cikin aikatau ɗin da na ga suna ba mutane wahala, *raise* yana sahun gaba. Abin da nake so in nuna shi ne, mai jin Hausa yana riƙe da makullin wannan kalma tun kafin ya buɗe ƙamus, domin bambancin da ke tsakanin "tashi" da "tayar da" shi ne ainihin bambancin da ke tsakanin *rise* da *raise*.

Mataki na farko: gyara furuci kafin komai

Idon Bahaushe idan ya ga "ai" a rubuce, bakinsa zai furta shi kamar a kalmar "rai" ko "kai". Saboda haka ɗalibi yakan ga *raise* ya ce "raiz", alhali wannan furucin na wata kalma ce dabam, wato *rise*, kuma ita ce kalmar da ake son ya rarrabe da *raise*. Kuskuren nahawu da yawa daga baki yake farawa, domin kalmomin da mutum ke furtawa iri ɗaya ba zai iya raba su a rubutu ba.

Furucin da ya dace shi ne "reiz": ka fara da wasalin "e" ka zame zuwa "i", sannan ka rufe da "z", ba da "s" ba. Idan ka rufe da "s" ka faɗi *race*, wato tsere. Haka ma *rise* da "z" take ƙarewa, idan ka sa mata "s" ta koma *rice*, shinkafa. Ka rubuta kalmomin nan huɗu a takarda, ka riƙa karanta su da ƙarfi kana ɗora yatsa a maƙogwaro. A kan "z" za ka ji maƙogwaro yana rawa, a kan "s" ba za ka ji komai ba. Sigar shuɗaɗɗen lokaci, *raised*, gaɓa ɗaya ce, "reizd", kada ka cusa wasali ka ce "reizid". Amma *raises* gaɓa biyu ce, "reiziz".

Mataki na biyu: raba *raise* da *rise*

A nan ya kamata a daɗe, domin wanda ya gane wannan ya gama rabin aiki. A Hausa muna cewa ƙura ta tashi, sannan muna cewa mota ta tayar da ƙura. A jimla ta farko ƙurar ce da kanta ta yi sama, babu wanda aka ambata ya taɓa ta. A ta biyu akwai mai aikatawa, akwai kuma abin da aikin ya faɗa wa. Ingilishi ma haka ya raba su: *The dust rose* shi ne ƙura ta tashi, *The lorry raised dust* shi ne babbar mota ta tayar da ƙura. A harshen masu nahawu, *raise* aikatau ne so-karɓau, dole a bi shi da abin da aka ɗaga, *rise* kuwa ƙi-karɓau ne, ba ya ɗaukar komai a bayansa. Wanda ya yi Faransanci zai tuna da *lever* da *se lever*, dangantakarsu ta yi kusa da wannan.

Ba haɗuwar sa'a ba ce ta sa kalmomin biyu suka yi kama. *Raise* ta shigo Ingilishi fiye da shekara 800 da suka wuce daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, waɗanda suka zauna a arewaci da gabashin Ingila, kuma a harshensu *reisa* ma'anarta sa abu ya tashi. Tun asali dai ita ce "tayar da" ɗin.

Sai sigoginsu. *Raise* yana bin ƙa'ida: *raise, raised, raised*. *Rise* ba ya bi: *rise, rose, risen*. Dole a haddace su kamar yadda ake haddace lissafi.

Ga gwajin da nake ba ɗalibaina: duk lokacin da ka rubuta *raise*, ka tsaya ka tambayi jimlar, "me aka ɗaga?" Idan babu amsa a cikin jimlar, ka yi kuskure. Wani dattijo mai sayar da wake ya taɓa nuna mini saƙon da ya rubuta wa abokin cinikinsa a WhatsApp, ya ce, "Malam, duba mini wannan kafin in tura." Abin da ya rubuta shi ne *The price has raised*. Na ce, "Alhaji, wane abu ne farashin ya ɗaga?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai shi ne ya hau da kansa." Na ce to ai ka ba kanka amsa, sai ka rubuta *The price has risen*. Idan kuwa yana nufin wasu ne suka ƙara amma ba ya son ambata su, sai ya ce *The price has been raised*, wanda ya yi daidai da "an ƙara farashi". Wannan "an" ɗin namu shi ne hanya mafi sauƙi ta gane jimlolin Ingilishi irin su *was raised* da *has been raised*.

Mataki na uku: ɗagawa ta zahiri

Ma'anar farko ita ce kai abu sama daga inda yake. Malami a aji yakan ce *Raise your hand*, ɗaga hannunka. *She raised her head* shi ne ta ɗaga kai, *They raised the flag* shi ne sun ɗaga tuta. Ba a bukatar ƙara *up* a bayansa, domin sama tana cikin kalmar.

Akwai wata kalma, *lift*, wadda take kusa da ita. Idan abin yana da nauyi kuma ana maganar ƙarfin da aka sa, kamar buhun gero da ake cicciɓawa a ɗora kan amalanke, *lift* ya fi dacewa. Idan kuwa ƙaramin abu ne aka ɗauka daga ƙasa, sai a ce *pick up*.

Mataki na huɗu: ƙari a farashi da albashi da haraji

Wannan ita ce ma'anar da ɗan kasuwa zai fi cin karo da ita, kuma a Hausa "ƙara" ce fassararta, a Faransanci *augmenter*. Ana cewa *raise prices*, *raise taxes*, *raise the rent*, *raise salaries*, wato ƙara farashi, ƙara haraji, ƙara kuɗin haya, ƙara albashi. Babban banki idan ya ƙara kuɗin ruwa, jarida za ta rubuta *The central bank raised interest rates*.

Abin da ya kamata a kula da shi sosai a nan shi ne ƙananan kalmomi guda uku da ke rakiyar lambobi: *from*, *to* da *by*. A watan Yuli na 2024 Najeriya ta ƙara mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Da Ingilishi sai a ce *Nigeria raised the minimum wage from 30,000 to 70,000 naira*. *From* yana nuna inda aka taso, *to* yana nuna inda aka tsaya. Idan kuwa adadin ƙarin ake son faɗa, sai a ce *raised it by 40,000 naira*. Bambancin *to* da *by* ba ƙaramin abu ba ne a takardar ciniki. Idan buhu yana jika 20 aka rubuto maka *raised to 25,000*, sabon farashi jika 25 ne. Idan aka rubuto *raised by 25,000*, sabon farashi jika 45 ne. Ina roƙon duk mai karanta saƙon kuɗi ya sa yatsa a kan wannan ƴar kalma kafin ya amsa.

Labari ɗaya yana iya zuwa da kowace daga cikin kalmomin biyu, gwargwadon abin da mai rubutu ke son nunawa. Bayan jawabin 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, abin da muka ji a jikinmu a nan Maraɗi cikin ƴan kwanaki, ana iya rubuta *Petrol prices rose*, ana kuma iya rubuta *Marketers raised petrol prices*. Jimla ta farko ta faɗi abin da ya faru kawai, ta biyu ta nuna wanda ya yi shi. Mai karanta jarida da ya lura da wannan zai riƙa gane lokacin da marubuci ke ɗora alhaki a kan wani da lokacin da yake kauce wa hakan.

Kalmar tana zama suna ma. A Amurka ƙarin albashi shi ne *a raise*, a Ingila kuwa *a rise* ko *a pay rise* suke cewa. Duka biyu daidai ne, kowanne a wurinsa. A darasin lissafi kuma za ka ji *two raised to the power of three*, wato 2 sau 2 sau 2, amsa 8.

Mataki na biyar: *raise money* ba ƙara kuɗi ba ne

Na ware wannan shi kaɗai domin na ga ya ɓata ciniki a gabana. Wani matashi da ke zuwa darasina yana yi wa ubangidansa tafinta a kasuwa, mai sayen kuma baƙo ne da ba ya jin Hausa. Baƙon ya taya, ubangidan ya ce albarka, ya ce wa yaron, "Ce masa ya ƙara kuɗi." Yaron ya juya ya ce *Raise the money*. Baƙon ya ɓata rai, ya buɗe jakarsa ya nuna ƙullin kuɗi, yana cewa ai kuɗinsa na hannu. Shi abin da ya ji shi ne ana ce masa ya je ya nemo kuɗin, kamar ana zargin ya zo kasuwa hannu rabbana.

*Raise money* ma'anarsa tara kuɗi ko haɗa kuɗi daga wurare dabam dabam domin wata bukata. Idan mutanen unguwa suka yi karo-karo don gyara rijiya ko rufin masallaci, *They raised money to repair the well*. Idan mutum ya sayar da akuyoyi biyu ya ranci saura har kuɗin asibiti suka cika, *He raised the money*. Daga nan aka samu *fundraising*, wato kafa gidauniya, da *raise capital*, wato haɗa jari. Abin da ya kamata yaron nan ya faɗa shi ne *Raise your offer*, ƙara tayinka, ko kuma a sauƙaƙe *Add more*.

A ofisoshi da kamfanoni, musamman a Najeriya da Ingila, za ka kuma ji *raise an invoice*. Ba ƙara kuɗin da ke kan takardar ake nufi ba, rubuta takardar neman biya da fitar da ita ake nufi.

Mataki na shida: reno da kiwo

Ingilishi yana amfani da kalma ɗaya ga abin da Hausa ta raba gida biyu. Renon yaro har ya girma *raise* ne: *My grandmother raised me*, kakata ce ta rene ni. Mai gabatar da kansa yakan ce *I was born and raised in Maradi*, a Maraɗi aka haife ni, a nan na tashi. A lura cewa Hausa ta ce "na tashi", amma Ingilishi bai yarda a ce *I rose in Maradi* ba. Ko dai *I was raised* ko *I grew up*. Mutanen Ingila sun fi cewa *bring up* ga yara, kuma ita ce ta fi kusa da tarbiyya.

Kiwon dabba ma *raise* ne. Jar akuyar Maraɗi, wadda aka san ta har ƙasashen waje saboda kyan fatarta da yawan haihuwarta, idan za ka ba baƙo labarin matan ƙauye da ke kiwonta sai ka ce *Many women here raise red goats*. Ana kuma cewa *keep* ko *rear*. Faransanci ya taimaka a nan, domin *élever* ma ya haɗa yaro da dabba. Sai dai kiwo na kora dabbobi daji su ci ciyawa ba *raise* ba ne, wannan *herd* ne ko *graze*. Shuka kuma, ko da yake a Amurka ana jin *raise corn*, abin da ya fi aminci ga mai koyo shi ne *grow*: *We grow millet and groundnuts*.

Mataki na bakwai: tayar da magana da abin da ke cikin zuciya

A taro da wasiƙa da labarai, *raise* yana nufin kawo batu a gaban mutane. *May I raise a point?* hanya ce ta ladabi ta neman izinin magana a zaman ƙungiya. *Raise a question* shi ne tayar da tambaya, *raise an objection* shi ne nuna rashin amincewa, *raise concerns* shi ne bayyana damuwa. Idan kana son a kai maganarka gaban shugaba, sai ka ce *Please raise the matter with the chairman*, da *with* kafin sunan wanda za a kai wa. Idan kuwa matsalar da kanta ta taso, akwai kalma ta uku, *arise, arose, arisen*, wadda ita ma ba ta ɗaukar karɓau: *A problem arose*.

Ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyi kullum suna cewa *raise awareness*, wanda mu muke kira wayar da kai. *Raise the alarm* shi ne yin kururuwa ko ankarar da jama'a kan haɗari. *Raise someone's hopes* shi ne sa mutum ya sa rai, kuma galibi ana faɗarsa ne da gargaɗi, *Don't raise his hopes*, kada ka sa masa rai a kan abin da ba tabbas. *Raise doubts* shi ne jawo shakku, *raise eyebrows* kuwa shi ne yin abin da ya ba mutane mamaki har suka fara ƙananan maganganu.

*Raise your voice* yana bukatar taka-tsantsan. Yawanci faɗa yake nufi, kamar yadda muke cewa kada ka ɗaga mini murya: *Don't raise your voice at me*. Idan ba ka jin mai magana ne kawai kana son ya ƙara sauti, ka ce *Please speak up*.

Mataki na takwas: inda Hausa ba za ta raka ka ba

Makullin da na bayar a farko yana buɗe ƙofofi da yawa, amma ba duka ba, kuma wajibi ne in nuna iyakarsa. Ba kowace "tayar da" ko "ɗaga" ce ke komawa *raise* ba. Tayar da mai barci *wake* ne. Tayar da mota ko injin ban ruwa *start* ne. Tayar wa mutum hankali *upset* ne ko *disturb*. Ɗaga waya idan an kira *answer* ne ko *pick up*. Ɗaga wa mai bashi ƙafa shi ne *give him more time*, babu ƙafa a ciki ko kaɗan.

Wadda ta fi haɗari ita ce ɗaga hannu. A wurinmu ɗaga wa mutum hannu gaisuwa ce, da Ingilishi *wave*. Amma *He raised his hand to her* yawanci ana fahimtarsa ne da cewa ya yi niyyar dukanta ko ya dake ta. Mai son ya ce ya gaida maƙwabciyarsa daga nesa sai ya ce *I waved to her*.

Sai "ɗage", wadda ke da fuska biyu. Ɗage taro zuwa wata rana *postpone* ne. Ɗage takunkumi ko dokar hana fita *lift* ne a Ingilishin yau. Lokacin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ɗage wa Nijar takunkumi a ranar 24 ga Fabrairu 2024, abin da kafafen labarai na Ingilishi suka rubuta shi ne *lifted sanctions*. Wanda ya rubuta *raised sanctions* yana iya sa mai karatu ya ɗauka ƙara su aka yi.

Mataki na tara: atisaye

Ka samu ƙaramin littafi, ka raba shafi gida uku: ɗagawa da ƙari, tarawa da reno, tayar da magana. Duk lokacin da ka ci karo da *raise* a saƙo ko a labarai, ka kwafi jimlar gaba ɗayanta, ka ja layi a ƙarƙashin abin da ya biyo bayan aikatau, domin wannan abin shi ne ke gaya maka ma'anar. Idan *price* ne, ƙari ake nufi. Idan *money* ne, tarawa. Idan *children* ne, reno. Idan *issue* ne, kawo batu. Kada ka haddace kalmar ita kaɗai, ka haddace ta tare da abokiyar tafiyarta.

Sannan ka gwada juya waɗannan jimloli biyar kafin ka duba amsa. Ruwan gulbi ya tashi bayan ruwan sama. Mai gida ya ƙara kuɗin haya da jika 5. Mun haɗa kuɗin gyaran makaranta. Ƙanwar mahaifina ce ta rene ni. An ɗage taron zuwa Laraba.

Ta farko *The river rose after the rain*, domin babu wanda ya ɗaga gulbin. Ta biyu *The landlord raised the rent by 5,000 francs*, da *by* saboda adadin ƙarin aka faɗa. Ta uku *We raised money to repair the school*. Ta huɗu *My aunt raised me*, ko *I was raised by my aunt* idan kai ne kake son ka zo a farkon jimla. Ta biyar kuwa babu *raise* a cikinta, *The meeting was postponed to Wednesday* ake cewa, kuma wanda ya rubuta *raised* a nan sai ya koma mataki na takwas ya sake karanta abin da aka faɗa a kan "ɗage".